Daga Na'ibawa zuwa Zuba: a ina suke tsayawa da bindigar auna gudu?

Sabon Hannu: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema don Allah. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan kai Hajiyarmu Abuja ganin likitan ido, kuma wannan ne karon farko da zan ja mota da kaina daga Kano har can. A da iyakacina Zariya. An ce mini akwai wuraren da jami'an hukumar kiyaye haɗurra ke laɓewa da wata na'ura mai kama da bindiga suna auna gudun mota. Ku da kuka saba da hanyar, a ina da ina suke tsayawa? Kuma gudu nawa zan yi ba a tare ni ba? Ba na son a ajiye ni a rana ga tsohuwa a mota.

Baban Tasha: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, yaro. Shekarata 23 ina jan motar haya a wannan layin, tun ana yayin J5 har muka dawo Sharon. Bari in lissafa maka yadda na sani. In ka bar Na'ibawa ka haye gadar Tamburawa ka wuce Kura, ka shirya ganinsu a tsohon tol-get na Ciromawa. Daga nan sai Kwanar Ɗangora, sai Tashar Yari, sai shigar Zariya wajen Kwangila da fitarta ta Ɗan Magaji. Tsakanin Zariya da Kaduna akwai Jaji da Birnin Yero da Mararrabar Jos. Bayan Kaduna akwai tol-get na Kakau, da Katari, da Jere, da Tafa, da Sabon Wuse, da kwanar Dikko, sannan Zuba. Ba kullum za ka same su duka ba. Amma in za ka same su, to a cikin waɗannan ne.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne batun laɓewa. A wannan hanyar ba sa laɓewa, motarsu mai ruwan bula da fari tana nan a fili, tun daga nesa kana hango ta. Bindigar kuwa, a duk shekarun nan bai fi a ƙirga da yatsun hannu ba da na ga an saita mini ita. Abin da za a tambaye ka lasisi ne, da takardun mota, da bel, da tukunyar kashe gobara, da safayar taya. Waɗannan ka gyara.

Sabon Hannu: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Na kwafe sunayen duka.

Malamin Lissafi: Baba ya amsa rabin tambaya, ga ragowar. A littafin dokokin hanya na Najeriya, ƙaramar motar gida tana da kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya irin wadda za ka bi. Tasi da bas 50 a gari, 80 a babbar hanya, 90 a tagwaye. Tanka da tirela 45, 50, 60. Wato a ƙa'ida babu tirelar da ya kamata ta wuce 60 tsakanin Kano da Abuja. Wanda ya taɓa bin hanyar da asuba ya san yadda wannan lambar take da dariya.

Ɗan Gaye: Ɗari? A titin Kano zuwa Zariya da aka gyara sumul kamar faranti? Haba Malam. In ka tsaya a 100 mai Golf ɗauke da buhun barkono a bisa ma sai ya ba ka wuta ya wuce yana hararar ka. Ni dai 140 ce tawa, in na hango su in sassauta.

Mai Sa Kai: To kun ga abin da ya sa ban so Baba ya jero wuraren nan ba, da girmansa da komai. Ina cikin masu taimaka wa hukumar kiyaye haɗurra a matsayin sa kai, ba albashi, ranar da muke da hali muna fita mu raba cunkoso. Wannan jerin ga mai tambaya ba laifi, da tsohuwa zai yi tafiya, ba zai yi ganganci ba. Amma mutum nawa ne a zauren nan? Ga shi tun ba a je ko'ina ba wani ya ce zai taka 140 ya sassauta in ya hango mu. An ba shi taswirar inda zai yi ladabi ke nan, sauran hanyar kuma tasa ce.

Baban Tasha: Ranka ya daɗe, wane sirri na tona? Duk yaron motar da ya yi wata uku a Unguwa Uku ya haddace wuraren nan kamar Fatiha. Mu da muke ba juna wuta in mun haɗu, mu nuna ƙasa da yatsa, wato suna gaba. Tun kafin a yi wayar hannu muke wannan.

Kuma tunda ka taɓo maganar, bari in faɗa maka abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Dubi wuraren da na lissafa. Ciromawa tsohon tol-get ne, Kakau tsohon tol-get ne, tun da Obasanjo ya rushe su a farkon 2004 wurin ya zama kasuwa, dole ka rage gudu ko ba kowa. Mararrabar Jos da Tafa matattarar tireloli ce, wani lokacin da ƙyar mota ɗaya ke ratsawa. Kwangila gari ne. Zuba gari ne. Duk inda ake tsayawa, inda mota ta riga ta rage gudu ne da kanta. To wa za a kama da gudu a wurin da kowa ke tafiya a giya biyu? Inda ake kure maleji tsakanin Kwanar Ɗangora da Tashar Yari ne, da miƙaƙƙen nan bayan Jaji. Can ba ka ganin kowa sai masu sayar da rake.

Mai Sa Kai: Baba, akwai dalili. Ba za ka tsaya a gaban motar da ke 150 ka ɗaga mata hannu ba, sai dai in ka gaji da duniya. An sha take jami'ai a bakin aiki. Kuma in ka tsayar da mota a tsakiyar daji inda na baya ke tafe a guje, kai ka haddasa haɗarin da ka zo hanawa. Dole sai wurin da ke da fili a gefe, kusa da ofis, kusa da motar ɗaukar marasa lafiya. Yawancin wuraren da ka ambata akwai ƙaramin ofishin hukumar a kusa, shi ya sa.

Baban Tasha: Na ji, kuma gaskiya ce. Amma ka ga ka ƙarasa mini maganata. Shinge ba ya kama gudu, takarda yake kamawa.

Malamin Lissafi: Shi ya sa ma hukumar ta bi ta wata ƙofar. Tun Oktoba 2016 aka fara gargaɗi kan na'urar taƙaita gudu a motocin haya, aka fara tilasta ta ranar 1 ga Fabrairu 2017, zamanin da Boboye Oyeyemi ke shugabantar hukumar. Dabarar ita ce tunda ba za a iya bin kowace mota ba, a ɗaure mata ƙafa tun daga tasha. Baba, motarka tana da ita?

Baban Tasha: Malam kada ka sa a kore ni daga zaure. Abin da zan ce kawai, manyan kamfanonin bas sun saka, don su motocinsu na da mai lura. Mu 'yan ɗaiɗai kuwa, na san wanda ya saka, ya karɓi takardar shaida ya liƙa, bayan sati biyu ya koma wajen mai wayarin aka zare wata 'yar waya. Fasinja ma ba ya taimakawa. Ka riƙe 90 ka ji na baya yana cewa direba ko gawa ka ɗauko? Wallahi an taɓa faɗa mini haka, mace ce ma, da goyo a bayanta.

Maman Ikram: Ku gafarce ni in sa baki, ko da yake ba na tuƙi. Gidanmu na haihuwa a bakin wannan titin yake, wani ƙauye tsakanin Kura da Kwanar Ɗangora, ba sai na faɗi suna ba. Gidaje na hannun gabas, makaranta da rijiyar burtsatse na hannun yamma. Lokacin da titin ke da ramuka kowa na kuka, mu ma muna kuka. Da aka gyara sai muka gane ramukan nan su ke tsare mana yara.

Na je gida da damina na ga yadda ake ketarawa da safe. Wata yarinya da ba ta fi shekara tara ba ta riƙo hannun ƙannenta biyu, allo a kai, suka tsallaka hannu ɗaya da gudu suka maƙale a jikin simintin tsakiya. Ƙaramin ya kasa hawa, sai da ta cicciɓe shi ta dire shi ta ɗaya gefen. Suna tsaye a wannan siririn wurin motoci na wucewa iska na kaɗa musu riga. Na ƙirga, sun fi minti huɗu kafin su samu sarari. Takalmin ƙaramin ɗaya ya faɗi a tsakiyar kwalta, ta hana shi komawa, haka ya tafi da ƙafa ɗaya. Babu wani jami'i da ke tsayawa a garinmu, don ba mararraba ba ce, ba tol-get ba ne. To ɗan'uwa mai 140, a can kake yin ta.

Ɗan Gaye: Hajiya ai ba a cikin gari nake yi ba.

Maman Ikram: Ƙanena, a 140 kana sanin ka shigo gari? Gida goma sha ne da masallaci. Kafin ka ce gari ne ka fita.

Malamin Lissafi: Bari in sa lamba a maganar Hajiya, tunda sana'ata ce. Mota a 100 tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. A 140 kusan mita 39. Daga lokacin da idonka ya ga yaro zuwa lokacin da ƙafarka ta sauka a burki, daƙiƙa guda ta tafi, in ma ba waya a hannunka. Sannan nisan da burki ke buƙata ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa yake: in ka ninka gudu biyu, nisan tsayawa ya ninka huɗu. Daga 100 zuwa 140 kusan ninki biyu ne. Inda mai 100 ya tsaya cak, mai 140 yana isowa wurin da kusan 100 ɗin a jikinsa.

Ribar kuma fa? A ce Kano zuwa Zariya kilomita 140 ne. A 100 minti 84. A 120 minti 70. A 140 minti 60, in har ba ka taɓa burki ba ko sau ɗaya, abin da ba ya yiwuwa. Minti ashirin da 'yan kai ne, waɗanda za ka zubar a Kwangila wajen sayen ruwa da amsa waya. Ga mai da motar ke zuƙa, a wannan tsadar.

Ɗan Gaye: Malam ka mayar da mu aji. To na ji. Amma ku faɗi gaskiya, tarar ma nawa ce?

Mai Sa Kai: A jadawalin dokar hukumar ta 2007, wuce ƙa'idar gudu naira 3,000 ne da makin laifi uku a lasisi. Rashin ɗaura bel 2,000, waya a kan tuƙi 4,000. Amma in aka rubuta maka tuƙin ganganci, wannan 50,000 ne, kuma ana iya kai ka kotun tafi-da-gidanka. Kuma ba a hannu ake biya ba, takarda ake ba ka ka biya ta banki.

Ɗan Gaye: Dubu uku? Ko lita huɗu ba za ta saya ba.

Mai Sa Kai: A nan kam ban da ta cewa. A 2007 kuɗi ne. Yanzu ɓata lokacin ya fi tarar ciwo.

Ɗan Agege: Ku zo Legas ku ga inda tara ke da haƙori. A watan Fabrairu 2025 gwamnatin jiha ta sanar da kyamarorin auna gudu, ɗaya a Alapere kan hanyar Ogudu, iyaka 80, ɗaya a titin Mobolaji Bank Anthony a Ikeja, iyaka 60. Wuce ƙa'ida 50,000, tsallake danja 20,000. Ba mai tare ka, ba mai ce maka faka, ba roƙo ba Oga yi haƙuri. Saƙo kawai za ka gani a waya. Kuma abin da zai ba Mai Sa Kai mamaki, gwamnati da kanta ta faɗi wuraren, aka buga a jaridu. Ba a ɓoye ba.

Mai Sa Kai: To ai kun ji. Sun faɗi wuri biyu, kowa ya lallaɓa a wuri biyu.

Ɗan Agege: Haka ne, ina ganinsu kullum, a taka burki kafin sanda a saki bayan sanda. Amma Yaya, in sandar tana daidai inda ake yawan mutuwa, ai an samu abin da ake so. In aka sa ɗaya a garin su Maman Ikram aka rubuta da manyan baƙaƙe tun daga kilomita guda, ko Ɗan Gaye zai rage a daidai makarantar. Matsalar ba sanin wuri ba ce, wurin da aka zaɓa ne.

Bazawarin Jidda: Ni ma shaida ne. Shekara shida ina tuƙi a Saudiyya. Nasu tsarin kyamarar sunansa Sahir, tun 2010 aka fara. Akwai na kan sanda, akwai wanda ake ɗorawa a cikin mota a faka ta a gefen hanya kamar ta lalace, yau tana nan gobe ta koma wani wuri. Walƙiya ɗaya za ka gani da dare, kafin ka isa gida saƙo ya shigo. Kuma ba ka sabunta takarda sai ka biya. Na ga 'yan'uwanmu da a gida ba sa ɗaga ƙafa daga totur, a hanyar Jidda zuwa Makka sun zama kamar masu rakiyar amarya. Mutum ɗaya ne, hali ɗaya, abin da ya canza ya tabbata za a kama shi.

Baban Tasha: Alhaji can lambar mota na da mai ita. Nan ka sayi mota hannu na huɗu, takarda na ɗauke da sunan wani mutumin Aba da ya rasu tun shekara goma. Saƙon wa za a tura wa? Rabin lambobin ma sun koɗe, wasu an rufe da leda baƙa, wasu ba lambar sam sai hoton ɗan takara.

Ɗan Agege: Wannan kuma gaskiya ne, ko a nan ana kuka da shi.

Na Maraɗi: Gaisuwa daga ƙetaren iyaka. Mu nan in ka ɗauki babbar hanya daga Maraɗi ka bi ta Konni da Dogon Dutsi da Doso zuwa Yamai, jandarma da 'yan sanda a mashigar gari da mafitarsa suke, kusa da inda ake biyan kuɗin hanya. Igiya ko ƙarfe a gicciye, ka tsaya, a duba takardu. Daidai da abin da Baba ya faɗa, inda ka riga ka tsaya nan ake tsayar da kai. Abin da ke rage gudu da gaske tudun nan ne da ake yi a kwalta a ƙauyuka. Wanda bai san hanya ba ya zo da dare, sai ya ji kansa ya bugi rufi.

Maman Ikram: Mu ma an taɓa yin irinsa, matasan gari suka haɗa kuɗi bayan wani rashi da aka yi. Ba a daɗe ba aka zo aka kankare, wai ba a yin sa a irin wannan titin.

Malamin Lissafi: Ta fuskar aikin hanya suna da hujja, Hajiya, tudu a tagwayen titi ba alama ba fenti yana iya kifar da mota. Abin da ya dace da ku gadar ƙafa ce. Sai dai ita ma in an gina ta nesa da inda mutane ke ketarawa, awaki ne ke hawa.

Ma'aikacin Kubwa: Ba wanda ya yi wa mai tambaya bayanin cikin Abuja, alhali can zai fi rikicewa. Ƙanena, in ka baro Zuba ka hau titin Kubwa, za ka ga layi da yawa a buɗe, ƙafarka za ta yi nauyi ba ka sani ba. Ka kama layin tsakiya ka bar na hagu ga masu sauri. Wajen gadojin Dei-Dei da Kubwa da Gwarimpa mutane na tsallakawa a ƙasa, masu tasi kuma na tsayawa ba sigina. Jami'ai an fi ganinsu a ƙananan hannayen gefe da wajen shataletale da danja, ba a tsakiyar titin ba. A cikin gari abin da zai jawo maka tsayawa tsallake danja ne, da shiga hannun da ba naka ba, da faka a inda aka hana. In asibitin na wajen Garki ne ko hanyar filin jirgi, ka kula da mashigar gari wajen babbar ƙofa.

Af, kuma a Oktoba 2024 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke cewa 'yan VIO, jami'an duba lafiyar motoci, ba su da hurumin tare mota a hanya ko ƙwace ta ko yanka tara. Amma ban ce ka tsaya kana karanta wa kowa hukuncin kotu da Hajiya a mota ba.

Ɗan Gaye: Ni abin da ke ƙona mini rai daban ne. Bara wasu masu kaki, ba zan ce na wace hukuma ba, suka tare ni a wata mararraba suka ce na yi gudu. Na ce ina na'urar? Ɗaya ya nuna idonsa. Wallahi idonsa ya nuna mini! Ranar kuma ko 70 ban kai ba, don tayata ɗaya faci ce. Muka yi ta ja har kusan awa, ƙarshe dai kun san yadda ake rabuwa. To ranar da na yi 140 ba wanda ya kula ni, ranar da na bi a hankali aka tatse ni. Ta yaya mutum zai ɗauki abin da muhimmanci?

Mai Sa Kai: Ba zan kare wannan ba. In an ce ka yi gudu, ka nemi a nuna maka abin da na'ura ta rubuta, cikin ladabi. In an dage, ka ce a rubuta maka takarda. Mai neman na goro ba ya son takarda. Matsalar ita ce ku ma ba kwa son ta, don ta fi cin lokaci.

Ɗan Gaye: Wannan kuma ka same ni.

Baban Tasha: Yaro mai tambaya, kar surutunmu ya ruɗa ka. Ka fita bayan sallar asuba, kada ka yi tafiyar dare. Ka duba iskar taya tun daren Juma'a, da sanyi, ka duba shekarar da ke jikinta, don zafin kwalta da tsohuwar taya 'yar Kwatano su ne ke kifar da mota a miƙaƙƙen titi. Kano zuwa Kaduna za ka ji daɗi. Daga Kaduna zuwa Zuba kuwa ka tambayi direbobin Kawo ko Mando halin da ake ciki a ranar, don inda ake aiki ana haɗe hannu biyu a ɗaya, ka ga tirela ta nufo ka gaba da gaba. A irin wurin kada ka yi obatekin ko na bayanka zai fasa hon. Ka tsaya a Kaduna Hajiya ta miƙe ƙafa ta yi alwala. Ka ajiye 122 a wayarka, lambar gaggawa ce ta 'yan kiyaye haɗurra, Allah ya sa ba za ka buƙace ta ba.

Sabon Hannu: Amin Baba. Na gode muku duka.

Sabon Hannu: Salam. Mun isa lafiya jiya wajen ƙarfe biyu, alhamdu lillahi, an duba idon an ce mu dawo bayan sati uku. Sau biyu aka tare ni, Ciromawa da Tafa. Na farko lasisi ya duba ya leƙa ya gaida Hajiya ya ce mu tafi. Na biyu tukunyar gobara ya nema, ashe tawa ta ƙare aiki tun bara, ya nuna mini kwanan watan ya ce in canza. Bindiga dai ban ga ko ɗaya ba. Na riƙe 95 zuwa 100, kuma Ɗan Gaye ya yi gaskiya, har mai Golf da buhuna ya wuce ni. Maman Ikram, bayan Kura na yi ta duba gefen hanya ko zan gane garinku, na ga ƙauyuka uku masu makaranta a hannun yamma ban san wanne ba ne, sai na rage a duka.

Maman Ikram: Na biyun ne, mai bishiyar darbejiya a ƙofar masallaci. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Baban Tasha: Tukunyar nan kada ka saya a bakin hanya, rabinsu ba komai a ciki. In ka dawo ka zo Unguwa Uku in haɗa ka da mai ita.